Tambayoyi da Amsoshi kan Shaidar Zama Ɗan Ƙasa a Rajistar Zaɓen Amurka

Muhawara a kan tilasta wa mai son yin rajistar zaɓe ya kawo takardar da ke nuna shi ɗan ƙasa ne ta daɗe tana raba kan 'yan siyasa da kotuna a Amurka. Batun ya shafi Hausawan da suka yi rantsuwar zama 'yan ƙasar, ya kuma shafi waɗanda ke zaune da izinin zama kaɗai, domin kuskure ɗaya a kan fom yana iya raba mutum da iyalinsa.

Shin wanda ba ɗan ƙasa ba yana da ikon jefa ƙuri'a a Amurka?

A zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya ba shi da wannan iko. Dokar tarayya ta shekarar 1996 ta mayar da jefa ƙuri'ar baƙo a waɗannan zaɓuka laifin da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin shekara guda, yayin da yin ƙaryar cewa mutum ɗan ƙasa ne domin ya samu rajista ke iya jawo ɗaurin shekara biyar, ga kuma kora daga ƙasar. Babu jiha ko ɗaya da ta yarda baƙo ya zaɓi gwamna ko ɗan majalisar jiha. A ƙarni na 19 jihohi da dama sun bar baƙi suna zaɓe domin su jawo mutane zuwa yankunan da ba su cika ba, amma wannan ya ƙare a 1926, lokacin da Arkansas ta zama jiha ta ƙarshe da ta rufe ƙofar.

Abin da ya rage shi ne wasu 'yan garuruwa, irin su Takoma Park a jihar Maryland da babban birnin Washinton, waɗanda suka bar mazauna da ba 'yan ƙasa ba su zaɓi shugabannin gari kaɗai, da kuma San Faransisko, inda iyaye ke zaɓen hukumar makarantu. Birnin Niyok ya yi irin wannan doka a 2021, amma babbar kotun jihar ta soke ta a Maris na 2025.

Idan doka ta riga ta hana, a kan me ake jayayya?

Ana jayayya ne a kan yadda za a tabbatar, da kuma wanda nauyin tabbatarwar zai hau kansa. Tun da aka yi dokar rajistar masu zaɓe ta ƙasa a 1993, akwai fom guda na tarayya da aka wajabta wa jihohi su karɓa su yi aiki da shi, kuma a kan fom ɗin mutum yana sa hannu ne bisa rantsuwa cewa shi ɗan ƙasa ne, da sanin cewa idan ya yi ƙarya zai fuskanci hukunci. Masu neman a sauya tsarin suna cewa rantsuwa kaɗai ba ta isa ba, dole mutum ya ajiye fasfo ko takardar haihuwa a gaban ma'aikaci kafin a rubuta sunansa. Masu adawa suna cewa gwamnati tana da bayanan da za ta bincika da kanta, kuma idan aka ɗora wa kowa neman takarda, waɗanda za a toshe wa hanya 'yan ƙasa ne na gaskiya. Bayan na auna abin da ya faru a jihohin da suka gwada, ni a ganina ɓangare na biyu ya fi hujja, kuma amsoshin da ke tafe za su nuna dalili.

Yanzu babu wani bincike da ake yi ke nan, sai dai rantsuwa?

Akwai. Dokar 2002, wadda aka yi bayan rikicin ƙidayar ƙuri'un Fulorida a zaɓen 2000, ta wajabta wa mai rajista ya rubuta lambar lasisin tuƙinsa ko alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar nan da hukumar fansho da walwala ta tarayya ke bayarwa, wadda mutanenmu a can suke kira soshiyal. Jami'an zaɓe suna gwada waɗannan lambobi da bayanan hukumar lasisi da na tarayya domin su tabbatar mutumin yana nan kuma shi ne. Jihohi da yawa suna kuma duba kundin hukumar shige da fice mai suna SAVE, wanda aka faɗaɗa a 2025 har ana iya loda sunaye masu yawa a lokaci guda. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, lambar lasisi da lambar soshiyal suna nuna ko kai wane ne, amma ba sa nuna ƙasarka, tun da mai izinin zama ma yana da su, kuma wannan giɓin ne masu neman takarda suke kafa hujja da shi.

Me ya hana a nuna katin ɗan ƙasa a huta?

Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa, ba ta kuma da kundin masu zaɓe guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha ce ke riƙe da nata, kuma a aikace dubban gundumomi da ƙananan hukumomi ne ke gudanar da zaɓe, har ma Dakota ta Arewa ba ta yin rajistar masu zaɓe kwata-kwata. Takardun haihuwa ma suna warwatse a ofisoshin jihohi da gundumomi, kowa da kuɗinsa da sharuɗɗansa. Saboda haka wanda aka haifa a Misisipi, ya girma a Shikago, yanzu yana zaune a Arizona, idan takardarsa ta ɓata sai ya nema daga jihar da aka haife shi, ya biya, ya jira, kuma sau da yawa sai an nemi ya fara nuna katin shaida mai hoto kafin a ba shi.

Waɗanne takardu ne ake karɓa a matsayin shaida, kuma lasisin tuƙi yana ciki?

Waɗanda aka saba lissafawa su ne fasfon Amurka, takardar haihuwa da hukuma ta hatimce, takardar shaidar rantsuwar zama ɗan ƙasa, takardar da ofishin jakadanci ke bai wa ɗan Ba'amurke da aka haifa a waje, da wasu takardun ƙabilun asali. Lasisin tuƙi na yau da kullum ba ya ciki a yawancin jihohi, har da mai tauraro da ake kira REAL ID, domin ana ba da shi ga duk mai zama bisa doka. Jihohi biyar ne kaɗai suke ba da wani lasisi na musamman da ke nuna ƙasar mai shi, wato Mishigan, Minesota, Niyok, Bamont da jihar Washinton. Kimanin rabin Amurkawa ne ke da fasfo, kuma babban mutum da zai yi fasfo karon farko yana biyan dala 165. Wanda takardar rantsuwarsa ta ɓata ko ta ƙone, sabunta ta ya haura dala 500, ga jiran watanni.

An taɓa gwada wannan tsari a wata jiha?

An gwada, kuma Kansas ce ta fi ba da darasi. A 2011 majalisar jihar ta amince da dokar da Kris Kobach, jami'in da ke kula da zaɓen jihar a lokacin, ya tsaya mata tsayin daka, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2013. Cikin 'yan shekaru aka dakatar ko aka soke rajistar mutum fiye da 31,000, kimanin kashi 12 cikin ɗari na duk waɗanda suka nemi sabuwar rajista a wannan tsakanin. Da yawansu sun je ofishin lasisi ne, aka tambaye su ko suna son rajista, suka amsa, suka sa hannu, suka koma gida da yaƙinin an gama, sai ranar zaɓe suka tarar babu sunansu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kai ƙara an haife shi ne a wani sansanin sojan sama da aka riga aka rufe, ya rasa inda zai nemi takardar haihuwarsa, alhali babu mai shakkar cewa shi Ba'amurke ne.

Da aka zo gaban kotu, sai aka nemi jihar ta nuna girman ɓarnar da take son magancewa. Abin da aka iya tabbatarwa shi ne baƙi 39 ne suka samu rajista a Kansas tsakanin 1999 da 2012, kuma bayanai sun nuna wasunsu kuskuren ma'aikata ne ko rashin fahimtar fom. A Yunin 2018 mai shari'a Julie Robinson, wadda Shugaba George W. Bush ɗan Rifablikan ne ya naɗa ta, ta soke dokar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2020, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a ƙarshen shekarar 2020 ɗin. Scott Schwab, ɗan Rifablikan da ya gaji kujerar Kobach, wanda ya goyi bayan dokar lokacin yana ɗan majalisa, daga baya ya fito ya ce tsarin bai yi aiki yadda aka so ba. Idan aka ajiye 39 a gefe guda da 31,000 a ɗaya gefen, da wuya mai adalci ya ce maganin bai fi cutar illa ba.

To Arizona fa, ba har yanzu tana neman takarda ba?

Tana nema, amma ta wata hanya mai sarƙaƙiya. Masu zaɓen jihar sun amince da sharaɗin a ƙuri'ar raba gardama ta 2004. A Yunin 2013 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, a hukuncin da mai shari'a Antonin Scalia ya rubuta, ta ce jihar ba za ta ƙi karɓar fom ɗin tarayya don kawai ba a haɗa shi da takarda ba. Sai Arizona ta raba masu zaɓenta gida biyu: wanda ya kawo shaida yana zaɓen kowa da kowa, wanda bai kawo ba kuma ana ba shi takardar ƙuri'a mai ɗauke da kujerun tarayya kaɗai, ba ya zaɓen gwamna, ko ɗan majalisar jiha, ko magajin gari. Binciken 'yan jarida a jihar ya nuna irin waɗannan masu zaɓe sun fi yawa a unguwannin ɗaliban jami'a, waɗanda suka baro takardunsu a gidan iyaye. A Agustan 2024 Kotun Ƙoli ta bar jihar ta yi watsi da fom ɗinta na jiha idan babu takarda, amma ba ta yarda a hana masu fom ɗin tarayya zaɓen shugaban ƙasa ba.

Abin da ya biyo baya a Satumban 2024 ya nuna cewa ko hukumar da ta shekara 20 tana wannan aiki tana iya tuntuɓe. Dokar jihar ta ɗauki lasisin da aka bayar bayan 1 ga Oktoban 1996 a matsayin shaida, sai aka gano cewa kwamfutar hukumar lasisi tana sanya sabuwar rana ga tsofaffin direbobin da suka karɓi wani katin, ta yadda ake lissafa su cikin waɗanda suka kawo shaida alhali ba a taɓa tambayarsu ba. Da fari an ƙirga kusan mutum 98,000, daga baya adadin ya kai kimanin 218,000, yawancinsu dattawan da suka daɗe a jihar, kuma 'yan Rifablikan a cikinsu sun fi 'yan Dimokurat yawa. Kotun Ƙolin jihar ta ce a bar su su yi cikakken zaɓe, tun da kuskuren na gwamnati ne.

Baƙi nawa ne ake samu suna zaɓe a zahiri?

Ana samu, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma alƙaluman sun fito daga jami'an jam'iyyun biyu. A Jojiya, Brad Raffensperger, jami'in da ke kula da zaɓen jihar a lokacin, ɗan Rifablikan mai goyon bayan tsaurara doka, ya binciki kundin mutum miliyan 8.2 a Oktoban 2024 ya samu baƙi 20. Binciken da ya yi a 2022 ya nuna baƙi 1,634 sun nemi rajista cikin shekara 25, amma an tare su kafin sunansu ya shiga kundi. A Mishigan, inda aka jefa ƙuri'a kimanin miliyan 5.7 a 2024, binciken jihar ya gano mutum 16. A Ayowa an samu baƙi 277 a kundi, 35 daga cikinsu aka ƙirga ƙuri'unsu a zaɓen 2024. Cibiyar Brennan, mai bincike kan dokokin zaɓe, ta tambayi jami'an yankuna 42 da suka ƙirga ƙuri'u miliyan 23.5 a 2016, aka samu kimanin 30 da ake zargi. Dalilin ƙarancin a fili yake, domin wanda ya sha wahala ya samu izinin zama ba zai rubuta sunansa da adireshinsa a kundin gwamnati, ya sayar da zamansa da na 'ya'yansa a kan ƙuri'a ɗaya ba.

Ke nan masu neman takarda ba su da hujja ko kaɗan?

Suna da ita, kuma bai dace a raina ta ba. Ƙuri'ar haram ko guda ce tana soke ta halal guda, akwai kuma kujerun majalisar jiha da na gari da ake lashewa da tazarar da ba ta kai ƙuri'a hamsin ba. Suna kuma cewa ba a gano abin da ba a nema ba, sannan amincewar jama'a da sakamako abu ne mai daraja ko da maguɗin bai yi yawa ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi da kamfanin Gallup ya yi a Oktoban 2024 ta nuna kashi 83 cikin ɗari na Amurkawa suna goyon bayan a nemi shaida daga mai rajistar farko. Inda hujjar take rauni shi ne wajen zaɓen hanya, domin yawancin baƙin da aka lissafa a sama an gano su ne ta hanyar gwada kundi da bayanan da gwamnati ke riƙe da su, ba tare da an tura miliyoyin mutane neman takarda ba.

Su wa za su fi jin jiki idan aka wajabta takarda?

Binciken da Cibiyar Brennan ta fitar a 2024 tare da masu bincike na Jami'ar Maryland da wasu ƙungiyoyi ya nuna 'yan ƙasa miliyan 21.3, sama da kashi 9 cikin ɗari na waɗanda suka isa zaɓe, ba su da takardar shaida a kusa da za su iya ɗaukowa washegari, miliyan 3.8 kuma ba su da ita sam. Matan aure suna sahun gaba, domin al'adar ƙasar ita ce mace ta ɗauki sunan dangin mijinta, ta yadda sunan da ke takardar haihuwarta ya saɓa da na katinta. An ƙiyasta irin waɗannan mata sun kai miliyan 69, kuma wadda ba ta da fasfo sai ta haɗa da takardar aure, ko takardun aure da na saki idan ta yi aure fiye da ɗaya. Akwai tsofaffin baƙaƙen fata na Kudu da ungozoma ta karɓi haihuwarsu a gida a zamanin wariya, waɗanda ba a rubuta haihuwarsu ba ko aka rubuta sunan da kuskure, akwai dattawan ƙabilar Nabaho, ɗaya daga ƙabilun asali, da ke da irin wannan matsala, ga mutanen karkara masu tafiyar sa'o'i kafin su kai ofishin gunduma, da waɗanda gobara ko ambaliya ta cinye takardunsu.

Batun kuɗi yana da tarihi mai zafi a ƙasar. An daɗe ana amfani da harajin zaɓe wajen hana baƙaƙen fata ƙuri'a, har sai da gyaran tsarin mulki na 24 ya haramta shi a zaɓen tarayya a 1964, Kotun Ƙoli kuma ta haramta shi a zaɓen jihohi a 1966. Shi ya sa duk sharaɗin da zai sa mutum ya biya kafin ya kai ga akwati yake tayar da tsohon miki.

Mene ne ƙudirin SAVE, kuma me umarnin Shugaba Trump ya ƙunsa?

Ƙudirin, wanda sunansa ya zo ɗaya da na kundin shige da ficen da aka ambata, Chip Roy ɗan majalisa daga Teksas ne ya gabatar da shi, kuma yana neman a wajabta takardar shaida a duk ƙasar ga mai rajistar zaɓen tarayya. Ya tanadi cewa wanda ya aika fom ta gidan waya sai ya kai takardarsa da kansa ofishin zaɓe, abin da zai raunana rajista ta wasiƙa da ta intanet da wadda ƙungiyoyi ke yi a kasuwanni da wuraren ibada, ya kuma tanadi hukuncin ɗauri ga jami'in da ya yi wa mutum rajista ba tare da takarda ba. Ya umarci jihohi su tsara hanyar warware saɓanin suna, sai dai bai fayyace takardun da za a karɓa a wannan hali ba. Majalisar Wakilai ta amince da shi a Yulin 2024 da ƙuri'a 221 da 198, ta sake amincewa a Afrilun 2025 da 220 da 208. Cikas ɗinsa yana Majalisar Dattawa, inda ƙa'ida ta buƙaci sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara, alhali zaɓen 2024 kujeru 53 ya bai wa 'yan Rifablikan.

A ranar 25 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya nemi hukumar da ke kula da fom ɗin tarayya ta ƙara sharaɗin takarda. Mai shari'a Colleen Kollar-Kotelly ta kotun tarayya a Washinton ta dakatar da wannan sashe a Afrilu, ta kuma hana shi dindindin a ƙarshen Oktoba, bisa dalilin cewa tsarin mulki ya bai wa jihohi da majalisar tarayya ne ikon tsara zaɓe, bai bai wa shugaban ƙasa ba. A ɓangaren jihohi, New Hampshire da Luwiziyana sun yi nasu dokokin a 2024, Wayomin ta bi sahu a 2025.

Wanda ya riga ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa yana da abin tsoro?

Haƙƙinsa daidai yake da na haifaffen ƙasa a wajen zaɓe, amma shi ne aka fi kuskuren cirewa idan ana tsabtace kundi. Dalilin shi ne, ya karɓi lasisinsa lokacin yana da izinin zama, hukumar lasisi ta rubuta shi baƙo, bayan shekaru ya yi rantsuwa ya yi rajistar zaɓe bisa doka, amma tsohon rubutun yana nan bai sauya ba. A Janairun 2019 Teksas ta fitar da jerin mutum kimanin 95,000 da ta ce ana zargin baƙi ne, cikin kwanaki aka gano dubun-dubatarsu sun riga sun zama 'yan ƙasa, aka janye shirin, David Whitley, jami'in zaɓen jihar da ya jagorance shi, ya bar kujerarsa. A 2024 Alabama ta ware sunaye 3,251, daga baya ta amince cewa fiye da 2,000 daga cikinsu sun cancanci zaɓe, kotu ta dakatar da aikin saboda doka ta hana irin wannan shara cikin kwana 90 kafin zaɓen tarayya. A Birjiniya kuwa Kotun Ƙoli ta bar cire kimanin mutum 1,600 ya tsaya 'yan kwanaki kafin zaɓe.

Saboda haka wanda ya yi rantsuwa ya hanzarta kai takardarsa hukumar lasisi da ofishin soshiyal a gyara bayanansa, ya yi fasfo tun da wuri domin kada takarda guda ta zama ita kaɗai ce madogararsa, ya kuma duba sunansa a shafin hukumar zaɓen jiharsa makonni kafin a rufe rajista. Ya kula da yadda aka rubuta sunansa, domin Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata, ko sunan mahaifi da ya zama sunan tsakiya a nan ya zama na dangi a can, sun isa su sa kwamfuta ta kasa haɗa bayanan mutum ɗaya. Duk wasiƙar da ta zo daga ofishin zaɓe a buɗe ta ranar da ta zo, domin wa'adin amsawa gajere ne.

Mai koren kati, wato katin izinin zama na dindindin, da aka yi wa tayin rajista a ofishin lasisi fa, me zai yi?

Ya ce a'a, ya kuma karanta duk abin da zai sa wa hannu ko zai taɓa a allon kwamfuta. Dokar 1993 ta wajabta wa ofisoshin lasisi su yi tayin rajista, kuma tayin ma'aikaci ba izini ba ne. Wata mata 'yar Peru, uwar 'ya'ya uku, ta nuna koren katinta a wani ofishin lasisi a Ilinoi, aka tambaye ta ko tana son rajista, ta nemi sanin ko ya halatta, aka ce mata zaɓi nata ne, sai ta yi alama a gurbin ɗan ƙasa, ta yi zaɓe sau biyu a 2006. Ita da bakinta ta faɗi haka lokacin da ta nemi zama 'yar ƙasa, kuma bayan shari'ar shekaru kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korarta a 2017. A shekarar 2017 ɗin ce kuma aka yanke wa wata mai koren kati a Teksas, wadda aka kawo ta daga Meziko tana jaririya, ɗaurin shekara takwas saboda ta yi zaɓe. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ƙarara ko mutum ya taɓa rajista, ko ya taɓa zaɓe, ko ya taɓa cewa shi ɗan ƙasa ne. Wanda ya tarar an sa sunansa bisa kuskure ya nemi lauyan shige da fice tun kafin ya rubuta wa ofishin zaɓe ko ya cika wani fom.

Ɗan takara ma sai ya nuna shaida kafin sunansa ya hau takardar ƙuri'a?

Tsarin mulki ya gindaya sharuɗɗa: shugaban ƙasa sai haifaffen ɗan ƙasa mai shekara 35 da ya zauna a ƙasar shekara 14, sanata sai mai shekara 30 da ya shekara tara da zama ɗan ƙasa, ɗan Majalisar Wakilai sai mai shekara 25 da ya shekara bakwai. A yawancin jihohi ɗan takara yana sa hannu ne bisa rantsuwa, mai ja kuma ya kai ƙorafi. Lokacin da aka yi ta yaɗa ƙaryar cewa ba a Amurka aka haifi Barack Obama ba, majalisar Arizona ta amince da ƙudirin tilasta wa masu takarar shugabanci kawo takardar haihuwa, amma Gwamna Jan Brewer, 'yar Rifablikan, ta ƙi sa hannu a Afrilun 2011, watan da Obama ya fitar da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Honolulu. Ban da kujerar shugaba da ta mataimakinsa, ƙofa a buɗe take ga wanda ya yi rantsuwa: Ilhan Omar, haifaffiyar Somaliya, ta shiga Majalisar Wakilai bayan zaɓen 2018, Yemi Mobolade, haifaffen Najeriya, ya zama magajin garin Colorado Springs a 2023.

Akwai makamancin wannan a ƙasashenmu?

Gana ce ta fi kusa. A 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana amfani da katin inshorar lafiya wajen rajista saboda baƙi ma suna da shi, a Yunin 2020 kuma ta yarda a yi sabon kundi ba tare da karɓar takardar haihuwa ko tsohon katin zaɓe ba, aka bar fasfo da katin ɗan ƙasa. Sai dai an bar wata ƙofa, wato mutum biyu masu rajista su tsaya wa wanda ba shi da takarda, kuma mazauna zango, waɗanda ake yawan tuhumar asalinsu saboda suna ko harshe ko da kakanninsu a nan aka haife su, sun san amfanin wannan ƙofa. A Najeriya ba a manta da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, wanda aka kora zuwa Chadi a Janairun 1980 da cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne, har sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa.

Idan mutum ya je rumfa aka ce ana shakkar rajistarsa, ya juya ya tafi?

Kada ya tafi, matuƙar ya san shi ɗan ƙasa ne kuma ya yi rajista. Dokar 2002 ta ba shi ikon neman ƙuri'ar wucin gadi, wadda ake sanyawa a ambulan a ajiye gefe har a tantance, kuma dole a ba shi hanyar da zai bi ya san ko an ƙirga ta. Akwai jihohi kaɗan da wannan tanadi bai hau kansu ba, amma yawancinsu suna barin mutum ya yi rajista nan take a ranar zaɓe. Kafin ya bar rumfar ya tambayi takardar da ake buƙata, ofishin da zai kai ta, da ranar da wa'adi zai cika, domin a jihohi da yawa kwanaki kaɗan ne bayan zaɓe, kuma wanda ya wuce wa'adin ba a buɗe ambulansa.